Tsohon Inji da Man Zamani: Sake Gina Inji Mai Tsananin Matsi

Gabatarwa

A cikin shekara ta 1970 kamfanin Chevrolet na ƙasar Amurka ya fitar da wani inji mai silinda takwas, ya laƙaba masa suna LT-1, ya ɗora shi a kan motocinsa na Corvette da Camaro Z28. Girman injin lita 5.7 ne, kuma a jikin Corvette an rubuta masa ƙarfin doki 370. Da shekara ta zagayo, sai kamfanin ya sake fitar da injin da sunansa da girmansa, amma ƙarfinsa ya sauka zuwa doki 330. Dalilin wannan ja da baya yana cikin man fetur, domin a lokacin ne aka fara shirin raba fetur da dalma, watau sinadarin da irin waɗannan injuna suka dogara da shi.

Har yanzu akwai motocin wancan zamani da yawa a hannun masu sha'awarsu, a Amurka da Turai da sauran wurare. Duk wanda ya mallaki ɗaya yana fuskantar matsala guda: injin yana nan, amma man da aka ƙera shi dominsa ya ƙaura daga gidajen mai. In ya zuba masa man yau ya taka shi yadda aka saba, yana iya ragargaza fistin cikin ɗan lokaci kaɗan, ya yi asarar abin da ba a ƙera irinsa kuma. In ya rage masa ƙarfi ba da lissafi ba, sai ya wayi gari da mota mai suna babu aiki. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin tambaya shi ne, ta wace hanya za a sauya rawar ba tare da an karya mai rawa ba?

Matsi da Ƙwanƙwasa

Injin fetur irin wanda Nikolaus Otto ya kammala a Jamus a 1876 yana aiki ne da motsi huɗu. Da farko fistin yakan sauka ya shaƙo iska gauraye da mai. Sa'an nan ya hau ya matse su a ɗan sararin da ke saman silinda, wanda ake kira ɗakin ƙuna. Sai filogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama, ƙarfinta ya tura fistin ƙasa. Daga ƙarshe fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi.

Gwargwadon matsi shi ne a kwatanta faɗin cikin silinda sa'ad da fistin yake can ƙasa da ɗan sararin da ya rage sa'ad da ya kai ƙololuwa. In an ce matsin inji 11:1 ne, ana nufin abin da ya cika mudu goma sha ɗaya an danne shi ya koma cikin mudu ɗaya. Gwargwadon yawan matsi, gwargwadon aikin da ake tatsa daga kowane ɗigon mai. Saboda haka tun farkon ƙira injiniyoyi suke ƙoƙarin ɗaga shi. Motar Ford ta Model T tana da matsi wajen 4:1. A 1949 Oldsmobile da Cadillac suka fito da injuna masu matsi fiye da 7:1. Kafin ƙarshen shekarun 1960 an kai 10:1 da 11:1 a motocin da ake sayarwa kowa ya saya, har injin L88 na Chevrolet ya kai 12.5:1.

Abin da ke taka wa matsi birki shi ne zafi. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, kamar yadda famfon keke yake ɗumi a hannun mai ba taya iska. A ƙa'ida wuta takan tashi daga bakin filogi ta bazu cikin ɗakin ƙuna daki-daki, kamar wutar daji mai bin ciyawa. To, yayin da take tafiya tana ƙara matse sauran man da ba ta kai gare shi ba, tana kuma gasa shi. In zafin ya wuce abin da man zai iya jimrewa, sai wannan ragowa ta fashe da kanta gaba ɗaya kafin wuta ta iso. Wannan fashewa ita ce ƙwanƙwasa. Direba yakan ji ta kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, musamman in yana hawan tudu da babbar giya.

Ya kamata a bambanta wannan da abin da makanikai suke nufi in sun ce inji ya buga. Bugawar inji mutuwarsa ce, yawanci saboda rashin baƙin mai ko tsananin zafi. Ita kuwa ƙwanƙwasa ciwo ce mai kai wa ga wannan mutuwa. Tana farfasa gefen fistin inda zobba suke zama, tana ƙona gasket, tana daka ƙarafan da ke riƙe da karanshaf. In ta daɗe, sai wani sashe na ɗakin ƙuna ya yi jajur, ya riƙa kunna mai tun kafin filogi ya yi tartsatsi. Wannan kuwa ya fi muni, domin yana iya huda fistin cikin daƙiƙoƙi.

Oktan da Dalma

Juriyar mai ga ƙwanƙwasa ita ake aunawa da lambar oktan. Wani masanin sinadarai mai suna Graham Edgar ne ya shimfiɗa ma'aunin a shekarun 1920. Ya ɗauki sinadarai biyu, ɗaya mai tsananin juriya ya ba shi lamba 100, ɗaya mai saurin fashewa ya ba shi sifiri. Man da ya yi juriya daidai da gaurayen kashi 95 na farko da kashi 5 na biyu, shi ne mai oktan 95. Lambar ba ta nuna yawan ƙarfin da ke cikin mai. Haƙurinsa da matsi kawai take nunawa.

Hanyoyin gwaji biyu ne. Akwai RON, wanda ake yi da inji mai tafiya sannu, akwai kuma MON, wanda ake yi cikin zafi da sauri, kuma lambarsa ta fi ƙanƙanta. Ƙasashen Turai da mafi yawan duniya RON suke rubutawa a jikin famfon mai, alal misali 95 ko 98. Amurka da Kanada kuwa sukan haɗa biyun su raba biyu, shi ya sa ake ganin 87 ko 91 ko 93 a wurinsu. Bambancin yakan kai lamba huɗu zuwa shida, watau 93 na Amurka ya yi kusa da 98 na Turai. Littattafan motocin shekarun 1960 da RON suke magana, kuma babban man lokacin yana wajen 100. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka ratar da ke tsakanin man jiya da na yau ta fi yadda take. Ratar tana nan, amma ba ta kai abin da lambobin suke nunawa a ido ba.

Abin da ya ɗaga oktan a wancan zamani da araha shi ne dalma. A watan Disamba na 1921 Thomas Midgley, wani injiniya na kamfanin General Motors, ya gano cewa ɗan kaɗan na wani sinadarin dalma yana kashe ƙwanƙwasa. A watan Fabrairu na 1923 aka fara sayar da fetur mai dalma a birnin Dayton na jihar Ohio. Tun a lokacin an san guba ce. A watan Oktoba na 1924 ma'aikata biyar suka mutu a wata matatar mai a jihar New Jersey saboda shaƙarta. Duk da haka aka ci gaba da zuba ta cikin mai fiye da shekaru hamsin. A 1965 masanin kimiyya Clair Patterson ya nuna cewa dalmar da ke jikin mutanen zamani ta ninka ta mutanen da sau da yawa, kuma bincike na baya ya tabbatar da cewa tana dakushe ƙwaƙwalwar yara.

A 1970 Amurka ta yi dokar tsabtace iska. Domin cika sharuɗɗanta aka shirya sa wa motoci wata tukunya a jikin salansa mai tace hayaƙi, ita kuwa dalma tana kashe wannan tukunya. Shugaban General Motors na lokacin, Edward Cole, ya ba da umarni cewa injunan 1971 su iya aiki da mai mai ƙarancin oktan. Ta haka matsin LT-1 ya sauka daga 11:1 zuwa 9:1. Tukunyar tace hayaƙi ta bazu daga 1975. Amurka ta haramta fetur mai dalma ga motocin hanya a farkon 1996, Tarayyar Turai kuma a 2000. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun yi alkawari a Dakar a 2001, suka cika shi a farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, ta daina a 2021.

Abubuwa Uku da Suka Sauya

Mai son sake gina tsohon inji tilas ya san cewa man yau ya bambanta da na jiya ta fuska uku. Na farko, oktan ya ragu. Na biyu, babu dalma, ita kuwa ban da hana ƙwanƙwasa tana da wani aiki na gefe, watau tokarta takan kwanta tsakanin bawul ɗin hayaƙi da mazauninsa ta zama kamar matashi. Na uku, a ƙasashe da yawa ana gauraya fetur da etanol, irin barasar da ake tatsa daga masara ko rake. A Amurka yawancin fetur yana da kashi 10 cikin 100 na etanol, Birtaniya ma ta mai da irinsa man yau da kullum a watan Satumba na 2021. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da nasa magani.

Awo Kafin Aiki

Aikin farko shi ne awo, domin lambar da ke cikin littafi ba lalle ta zama ita ce ke cikin inji ba. Injin da ya shekara hamsin ya sha hannun makanikai. Wani ya faɗaɗa silinda, wani ya kankare fuskar kan silinda domin ta daidaita, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ɗaga matsi. Hanyar awon ba ta da wuya. Akan kifa kan silinda, a rufe ɗakin ƙuna da faifan roba mai haske wanda aka huda, a riƙa ɗiga ruwa daga kwalbar awo har ya cika, sa'an nan a karanta abin da ya shiga.

Ga lissafin LT-1. Kowace silinda tana shaƙar kimanin cc 717. Domin a sami 11:1, sararin da ya rage a sama zai zama kashi ɗaya cikin goma na wannan, watau cc 71.7. In aka faɗaɗa silinda da ɗan abin da aka saba yayin gyara, sai abin da take shaƙa ya koma cc 727, matsi kuma ya haura 11.1:1 ba tare da kowa ya nufa ba. Makanikan da suka daɗe a wannan aiki sun fi natsuwa da 9:1 zuwa 9.5:1 ga inji mai kan silinda na ƙarfen zubi da ke shan babban man gidan mai. In kan silindar na alminiyam ne, wanda ya fi saurin kwashe zafi, akan iya ƙara kusan lamba ɗaya. Domin a sauko da cc 727 zuwa 9.5:1, ana bukatar sarari na kimanin cc 85. Ke nan sai an nemo ƙarin cc 13 a kowace silinda.

Inda Za a Nemo Sararin

Hanyar da ta fi sauƙi a ido ita ce a sa gasket mai kauri tsakanin jikin inji da kan silinda. Masu gaggawa sukan bi ta, amma araha ba ta ado. A irin wannan inji ɗakin ƙuna bai rufe dukkan saman fistin ba. Akwai wani sashe shimfiɗaɗɗe inda fistin yake matsowa dab da kan silinda, har ratar ta rage kimanin milimita 1. Sa'ad da fistin ya iso nan, sai ya fesa iskar da ke wurin cikin ɗakin ƙuna da ƙarfi, ta gauraya mai, wuta ta yi saurin cinye shi. Ɗan abin da ya maƙale a ratar kuma ƙarfe yana sanyaya shi, ba ya samun damar fashewa. Domin a sami cc 13 ta hanyar gasket sai an ƙara kauri wajen milimita 1.5, ratar ta ninka fiye da sau biyu, wannan amfani ya ɓace. Sau da yawa irin wannan inji yakan ci gaba da ƙwanƙwasa duk da an rage masa matsi.

Hanyar da ta dace ita ce sauya fistin. Fistin na LT-1 na 1970 yana da tozo a kansa, wanda yake kutsawa cikin ɗakin ƙuna mai cc 64 domin ya cike sarari. Wannan tozo yana kuma tare wa wuta hanya. In aka sa fistin mai ɗan kwarmi na cc 12 a ƙarƙashin ɗakin ƙuna, aka bar gefensa a shimfiɗe, aka kankare jikin inji har fistin ya zo daidai da baki, aka sa gasket mai kaurin milimita 1 wanda yake ɗaukar cc 9, to an sami 64 da 12 da 9, jimla 85. Matsi ya sauka zuwa kimanin 9.5:1, ratar nan mai amfani kuma tana nan yadda ake so. Yana da kyau a goge duk wani kaifi ko tsini a cikin ɗakin ƙuna, domin irin wuraren nan ne suke fara yin ja.

Mai mota zai tambaya, nawa aka rasa? A lissafin kimiyyar zafi, saukowa daga 11:1 zuwa 9.5:1 ba ta cin fiye da kashi 4 ko 5 cikin 100 na ƙarfin inji. Abin da ya sa mutane suke zaton asarar ta fi haka shi ne, a 1972 kamfanonin Amurka sun sauya yadda suke auna ƙarfin doki. Da can sukan auna inji tsirara, babu salansa babu matatar iska, daga baya suka koma auna shi da dukkan kayansa. Lambobi suka faɗi warwas a takarda, alhali wani ɓangare na faɗuwar na alƙalami ne kurum.

Kamshaf da Lokacin Tartsatsi

Matsin da aka lissafa a sama na takarda ne, domin yana ɗauka cewa matsi yana farawa tun fistin yana can ƙasa. A zahiri bawul ɗin shigar iska ba ya rufewa sai fistin ya riga ya fara hawa, kuma kamshaf ne yake yanke lokacin rufewar. Kamshaf na injunan gudu irin LT-1 yana jinkirta rufewa ƙwarai, domin iska ta ci gaba da kwarara sa'ad da inji yake juyi da sauri. Wannan jinkiri yana zubar da wani sashe na matsi in inji yana tafiya sannu, shi ya sa ma aka ba shi 11:1 tun farko.

Daga nan kurakurai biyu suke fitowa. Wani yakan bar matsi a 11:1, ya sa ƙaramin kamshaf mai saurin rufe bawul domin motar ta yi daɗin tuƙi a cikin gari. Sakamakon haka matsin zahiri yakan ƙaru, ƙwanƙwasa ta tsananta. Wani kuma yakan saukar da matsi har 8:1 ya bar babban kamshaf, sai motar ta zama raguwa, ba ta da kuzari sai an kai ta ƙarshen juyi. Matsi da kamshaf tare ake zaɓensu, kamar takalmi da ƙafa.

Haka kuma lokacin tartsatsi, wanda makanikai suke kira taimin. Da yake wuta tana bukatar lokaci kafin ta bazu, filogi yakan yi tartsatsi kafin fistin ya kai ƙololuwa, kuma gwargwadon saurin inji, gwargwadon yadda ake gabatar da shi. Ƙananan injunan Chevrolet masu tsohon ɗakin ƙuna sukan so jimlar digiri 34 zuwa 36. Yawan gabatarwa yana jawo ƙwanƙwasa. Amma wanda ya ja taimin baya sosai domin ya kashe ƙarar, ya sayi wata matsala, domin mai zai riƙa ƙarasa ƙuna a bakin bawul ɗin hayaƙi, inji ya yi zafi, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Abin da ya kamata shi ne a gyara ƙananan nauyaye da sifirin da ke cikin dilko, yadda gabatarwar za ta riƙa shigowa sannu a hankali, ta cika a wajen juyi 3,000 a minti. Injunan zamani suna da na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasa ta gaya wa kwamfuta ta ja taimin baya nan take. Wannan, tare da fesa mai kai tsaye cikin silinda da kyakkyawan fasalin ɗakin ƙuna, shi ya ba kamfani irin Mazda damar kai matsi 13:1 da 14:1 da man gidan mai. Tsohon inji ba shi da mai sauraro sai kunnen direba.

Mazaunin Bawul

Bawul ɗin hayaƙi shi ne ƙarfen da ya fi kowane shan wuta a cikin inji. A tsofaffin kawunan silinda na ƙarfen zubi, mazauninsa a jikin ƙarfen aka sassaƙa shi. In babu tokar dalma, bawul mai zafi yakan manne da mazauni a ƙananan wurare, ya ɓamɓaro ɓurɓushi in ya tashi, ɓurɓushin kuma ya zama kamar yashi yana cin mazaunin. Sannu a hankali bawul ya nutse, ratar tafet ta ƙare, ya kasa rufewa, ya ƙone. Abin ya fi tsanani ga motar da ake doguwar tafiya da ita a guje ko ake jan kaya. Maganinsa shi ne, tun da an riga an kwance inji, a yanke mazaunin a dasa zobe na ƙarfe mai tauri, a kuma sa bawul na ƙarfen da ba ya tsatsa. Aikin yana son gwani, domin a wasu kawunan hanyar ruwa tana kusa, in aka zurfafa yanka sai a huda ta.

A nan ne tsofaffin motocin da aka sani a ƙasar Hausa suka yi sa'a. Peugeot 404 da 504, waɗanda aka fara harhaɗa irinsu a Kaduna a 1975, kan silindarsu na alminiyam ne mai dasassun mazaunai, kuma matsin injunansu masu silinda huɗu bai kai 9:1 ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa janye dalma bai kwantar da su ba.

Etanol, Ruwa da Baƙin Mai

Shi kansa etanol oktan ɗinsa ya haura 100, saboda haka ta fuskar ƙwanƙwasa taimako yake yi. Illarsa a wani wuri take. Yana cin tsohuwar roba, watau tiyon mai da fatar famfon mai da wasu kayan cikin kafireta, kuma tiyon da ya tsage a kan inji mai zafi gobara ce. Tilas a sauya su duka da irin waɗanda aka yi domin man yau. Yana kuma jawo laima daga iska, in mota ta daɗe a ajiye sai ruwa ya kwanta a gindin tanki ya kawo tsatsa. Bugu da ƙari, tsantsar fetur yana son iska kashi 14.7 ga kashi 1 na mai, mai gauraye da etanol kuwa wajen 14.1 yake so. Kafireta ba ta san an sauya mai ba, za ta ci gaba da ba da ma'aunin da, gaurayen ya zama mai ƙarancin mai, wannan kuma yana ƙara zafi. Sai a ɗan faɗaɗa ƙofofin mai na kafireta. Yana da amfani kuma a sa wani abu mai tare zafi tsakanin kafireta da inji, domin man yau yana saurin tafasa in an kashe mota da zafinta.

Duk abin da ya ƙara zafi ya ƙara ƙwanƙwasa. Don haka lagireto ya zama mai tsabta, fanka ta zama da murfinta, iskar da inji yake shaƙa kuma a jawo ta daga waje. Al'adar cire tamostat, wadda ta yaɗu a garejin ƙasashe masu zafi, ba ta warkar da lagireto mai datti, sai dai ta hana inji kai wa ga ɗumin da ya dace da shi da wuri. Wanda yake buɗewa a wajen digiri 82 ya wadatar. Wuri ma yana da nasa tasiri. A kan tudu iska ba ta da nauyi, matsin zahiri yana raguwa, shi ya sa ake sayar da mai mai oktan 85 a jihohin duwatsu na Amurka. Injin da ya yi shiru a Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, yana iya ƙwanƙwasa a Legas, ko a Sakkwato cikin zafin bazara.

Baƙin mai ma ya sauya. Tsofaffin injuna tafet ɗinsu shafaffe ne, yana gogar kamshaf kai tsaye, kuma abin da ke kare su shi ne wani sinadari mai tutiya da fosfaras. Da yake fosfaras yana lalata tukunyar tace hayaƙi, an rage shi, har daga 2004 aka ƙayyade shi ga kashi 0.08 cikin 100 a yawancin baƙin man ƙananan motoci. Sabon kamshaf irin na da yana bukatar man da aka yi domin tsofaffin injuna. Ranar da aka fara tayar da inji kuma ba a barinsa yana sululu. Akan riƙe shi a juyi 2,000 zuwa 2,500 har minti 20 ko 30, domin mai ya fantsama sosai, ƙarafan su saba da juna. Wanda ya yi sakaci da wannan rabin sa'a yana iya cinye kamshaf a ranar farko.

Hanyoyin da Ba Sa Ɓullewa

Akwai masu neman kauce wa duk wannan aiki. Wasu sukan sayi ƙananan kwalabe na ƙarin oktan, alhali yawancinsu abin da suke ƙarawa a tanki guda bai taka kara ya karya ba. Wasu sukan nemi man ƙananan jiragen sama, wanda har yanzu yake ɗauke da dalma. Wannan ya saɓa wa doka a kan hanya a ƙasashe da yawa, kuma komawa ne ga abin da duniya ta shekara hamsin tana fama kafin ta rabu da shi. Mutanen Arewacin Nijeriya ba sa bukatar dogon bayani game da dalma, domin a 2010 gubarta, wadda ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Ƙarfin doki goma sha biyar ko ashirin bai kai a saye shi da lafiyar yaran unguwa ba.

Kammalawa

Bayan an harhaɗa inji, gwaji na ƙarshe a kan hanya ake yinsa. A cika tanki da man da motar za ta riƙa sha kullum, a jira rana ta take, a nemi tudu, a hau shi da babbar giya, a taka totur a kasa kunne. In an ji ƙarar tsakuwa, a rage taimin digiri biyu a sake gwadawa. Sa'an nan a kwance filogai a duba farin tangaran da ke bakinsu, domin ƙananan ɗigo baƙaƙe ko masu ƙyalli alama ce ta ƙwanƙwasar da kunne bai ji ba. Kada kuma a tsaya dab da iyaka, saboda da tafiya ta yi tafiya toka za ta taru a ɗakin ƙuna ta ɗaga bukatar oktan, ga shi kuma mai ba ya zama iri ɗaya daga wannan gidan mai zuwa wancan.

A taƙaice, sake gina irin wannan inji aiki ne na daidaita abubuwa da yawa a lokaci guda: matsi, da fasalin fistin, da kamshaf, da taimin, da mazaunin bawul, da ma'aunin mai, da sanyi. Tsofaffin fistin masu tozo kuwa ba a zubar da su. Akan shafe su da mai a adana, domin suna cikin tarihin motar, kuma mai saye na gaba zai tambaye su. LT-1 da aka gina a kan 9.5:1 ya rasa kaɗan daga ƙarfinsa na 1970, amma zai tsaya a kowane gidan mai mai sayar da babban fetur ya sha, ya kuma kai mai shi gida.